Yadda ake saita amfilifayar jitar bas ba tare da an cika zaure da ƙugi ba

Duk wanda ya daɗe yana haɗa kayan sauti a wurin biki, ko coci, ko gidan gala, ya san wannan yaron. Zai shigo da jitarsa ta bas rataye a kafaɗa, ya jona waya, kuma kafin ya taɓa tsirkiya ko ɗaya hannunsa ya riga ya kai kan maballin da aka rubuta Bass, ya murɗe shi har ƙurewa. Na tsakiya kuwa ya mayar da shi ƙasa, wai yana sa sauti ya yi kamar mai magana ta hanci. Ya kaɗa sau biyu, tagogi su amsa, ya yi murmushi. Minti goma bayan nan, da mai ganga da mai fiyano suka shigo, sai a neme shi a rasa. Ana jin ƙasa tana rawa, amma babu mai iya faɗin waƙar da yake bi. Ya ƙara murya, mawaƙi ya juyo yana harara.

Mai wannan rubutu ya ga haka har ya daina ƙirgawa, kuma shi ma da wannan kuskuren ya fara. Wani dattijo mai haɗa sauti ne ya taɓa tsayar da shi a wani ɗakin taro, ya ce, "Ɗana, kai kaɗai ka zo yi wa kiɗa?" Ya ce, "A'a Baba, jama'a." Dattijon ya mayar da maballan tsakiya, ya ce to je can bayan zaure ka saurara. Abin da aka ji a bayan zauren nan shi ne dalilin wannan jagora: muryar jitar bas a tsakiyar sauti take zaune, a daidai wurin da sababbin makaɗa suka fi yankewa.

Kayan da ake bukata

Jita da aka ɗaure tsirkiyoyinta daidai. Wayar jita mai kyau, da wayar lasifika daban, domin ba iri ɗaya ba ne ko da bakinsu ya yi kama. Amfilifaya da akwatin lasifikarta. Sabon batir mai bolt 9 idan jitar mai batir ce, irin Music Man StingRay da ta fito a 1976 da masu bin sahunta. Sitabilaiza, in da hali. Sai abu na ƙarshe da ba a saye a kasuwa: mutum guda mai kunne, wanda zai tsaya nesa ya faɗi gaskiya.

Mataki na 1: Wuta da lasifika, kafin a kunna komai

Fender da Ampeg kamfanonin Amurka ne, kuma wutar Amurka bolt 120 ce, ta Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230. Amfilifayar da aka sayo ta hannu daga can, sai an duba rubutun da ke bayanta. Wasu suna da makunnin sauya bolt, wasu ba su da shi, sai an haɗa su da taransifoma mai rage wuta. Wanda ya jona ba tare da dubawa ba, hayaƙi zai ba shi amsa.

Ƙafa ta uku ta filogi, wadda ke kai ɓatacciyar wuta ƙasa, ba ado ba ce. Tsirkiyoyin jita haɗe suke da jikin amfilifaya, hannun makaɗi kuma yana kansu. A 1972 wuta ta kashe Les Harvey, mai jitar ƙungiyar Stone the Crows, a kan dandamali a garin Swansea, lokacin da ya taɓa makirfon da ba a haɗa da ƙasa ba. A 1976 Keith Relf, tsohon mawaƙin Yardbirds, ya rasu a gidansa ta irin wannan hanya yana kaɗa jita. Masu karya ƙafar nan don su kawar da gurnani su san abin da suke wasa da shi.

Sai lissafin om. A bayan kowace amfilifaya akwai adadin da ba ta yarda a sauka ƙasa da shi ba, yawanci om 4. Akwati biyu masu om 8 idan aka jera su kan amfilifaya ɗaya sun zama om 4, lafiya ƙalau. Biyu masu om 4 sun zama om 2, wanda yawancin amfilifayoyi ba sa ɗauka. Za su yi zafi su ɗauke, ko su ƙone. Amfilifaya mai kwalabe kuma, irin ta dā, ba a taɓa kunna ta babu lasifika a jone.

Mataki na 2: A mayar da komai inda ba ya ƙari ba ya ragi

Ba a gyara miyar da ba a ɗanɗana ba. Kafin a ƙara ko a rage, sai an ji muryar jitar kanta. A yawancin amfilifayoyin zamani, wannan yana nufin a tsayar da Bass da Mid da Treble a ƙarfe 12 na fuskar agogo, wato daidai tsakiya, a kashe duk ƙananan makunnai. Tsarin da ke ba da damar ƙari da ragi daga tsakiya ya samo asali ne daga wani injiniya ɗan Ingila, Peter Baxandall, wanda ya wallafa shi a 1952.

Amma a nan akwai tarko. Tsofaffin amfilifayoyin Fender da masu kwaikwayon tsarinsu ba haka suke ba: idan aka tsayar da maballansu uku a tsakiya, an riga an ƙwaƙule tsakiyar sauti ba a sani ba. Don a kusanci daidaito a irinsu, sai Middle ya haura zuwa 10, Bass da Treble su sauka wajen 2. A amfilifayoyin Markbass na Italiya kuwa akwai maballai biyu, VLE da VPF, waɗanda ba sa aiki sai an fara murɗa su daga hagu. Yaro ya gan su a ƙasa, ya ɗauka mantawa aka yi, ya kai su ƙarfe 12 don su yi layi da 'yan'uwansu, ya lalata sautinsa da hannunsa. Shi ya sa littafin da ke zuwa da amfilifaya ya cancanci minti biyar.

Mataki na 3: Ƙofar shiga da ƙofar fita

Maballi biyu ne ke ƙara murya, kuma aikinsu ya bambanta. Gain shi ne ƙofar shiga, yana ƙayyade ƙarfin abin da jita ke turawa ciki. Master shi ne ƙofar fita, yana ƙayyade abin da ke isa lasifika. A rufe Master, a buɗe muryar jita duka, a kaɗa tsirkiya mafi kauri da irin ƙarfin da za a yi lokacin da kiɗa ya yi zafi. A riƙa ɗaga Gain har 'yar jar fitilar gargaɗi da ke jikin amfilifaya ta fara ƙyaftawa, sannan a ɗan ja baya. Daga nan sai a buɗe Master gwargwadon girman wuri.

Dalilin wannan tsari a fili yake. Idan shiga ta yi kaɗan, dole a buɗe fita sosai, sai shuuu ɗin na'ura ya taso tare da kiɗa. Idan ta yi yawa, sauti ya dagargaje tun daga ƙofa, babu maballin da zai ɗinke shi a gaba. Jita mai batir ta fi ƙarfin turawa, don haka aka tanadar mata rami na daban ko makunnin da ke rage desibel 10 zuwa 15. Masu kiɗan rok sukan ɗaga Gain da gangan a amfilifaya mai kwalabe don su sami gurnani irin na zaki, wannan zaɓi ne. Abin da ba zaɓi ba shi ne batir mai mutuwa, wanda ke kawo irin wannan dagargajewa a hankali har makaɗi ya fara zargin lasifikarsa.

Mataki na 4: Maballin Bass, wanda ya fi cin amana

Ana auna kauri da sirantar sauti da Hz, wato sau nawa abu ke kaɗawa a daƙiƙa guda. Tsirkiya mafi kauri a jita mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa sau 41, na biye da ita 55, 73 da 98. Mai tsirkiya biyar tana sauka har 31. Maballin Bass yana aiki ne a wannan yanki. A Ampeg SVT, misali, an kafa shi a kan 40.

Me ya sa hannu ke zuwa wurinsa da kansa? Domin kunnen ɗan Adam ba ya jin sauti mai kauri sosai idan murya tana ƙasa. Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell sun auna wannan tun 1933. Yaron da ke gwaji a ɗakinsa da dare, a hankali don kada ya tashi mutanen gida, zai ji kauri ya yi masa kaɗan, ya ƙara. Idan ya kai wannan saitin dandamali aka buɗe murya, kunne ya fara jin kaurin da dā yake ɓoye masa, sai ya zama ninki.

Kuma kaurin nan tsada gare shi. Kowane ƙarin desibel 3 yana neman ninkin ƙarfin amfilifaya. Desibel 6, ninki huɗu. Amfilifaya mai wat 100 da aka murɗe wa Bass har ƙarshe tana ƙarar da ƙarfinta wajen girgiza takardar lasifika a kan sautin da ƙaramin akwati ba ya ma iya fitarwa. Alamarsa ita ce lasifika ta riƙa yin fat-fat kamar tuta a iska. Duk wanda ya ji haka ya rage Bass nan take, kada ya tsaya neman dalili.

Ga kuma babbar gangar ƙafa, wadda ita ma a wannan yanki take zaune. Idan su biyu suka cika wuri ɗaya, babu wanda za a ji. Shawarar mai wannan rubutu ita ce Bass ya tsaya tsakanin ƙarfe 11 da ƙarfe 1, kuma a mafi yawan zauruka masu siminti da rufin kwano ragi ne ke gyarawa.

Mataki na 5: Tsakiya, inda muryar take

A nan ya kamata a zauna a daɗe. Tsirkiya ba sauti ɗaya take fitarwa ba. Wadda ke kaɗawa sau 41 tana fitar da 'ya'ya a kan 82, 123, 165 da sama, kuma waɗannan 'ya'yan ne ke gaya wa kunne wane sauti aka kaɗa. Hujja tana cikin aljihun kowa: lasifikar wayar salula ba ta iya fitar da 41 ko kusa, amma mutum yana jin layin bas a waƙar da yake saurare a waya, domin ƙwaƙwalwa tana gina uwar daga 'ya'yan. Wanda ya yanke tsakiya ya yanke 'ya'yan, ya bar uwa tana ƙugi babu mai gane maganarta. Mai kalangu ya san wannan ba tare da lissafi ba. Kalangu yana magana ne saboda ana rarrabe hawa da saukarsa.

Tsakiyar ma kashi-kashi ce. Daga 200 zuwa 300 ake samun jiki da naushi, a nan kuma laka take taruwa idan ya yi yawa. Wajen 400 zuwa 500 ne sautin kwali yake, kamar ana buga akwati. Daga 700 zuwa 1,000 ake samun gurnani da fitowar kowane sauti a fili, har da abin nan da yara ke kira hanci. Da Ampeg ta fitar da SVT a 1969, mai wat 300 da akwati mai lasifika takwas 'yan inci 10, ta ba maballin tsakiya wurare uku da za a zaɓa: 220, 800 da 3,000. Masu ƙera ta sun san cewa a filin wasa mai dubban mutane tsakiya ce ke kai saƙo.

Yawancin amfilifayoyin yanzu suna da maballi biyu, na ƙasan tsakiya da na samanta, wasu kuma suna da na uku da ke zaɓar daidai wurin da za a taɓa. Ga yadda ake amfani da shi: a ɗaga ƙarin sosai, a riƙa kaɗa sauti ɗaya, a juya mai zaɓen a hankali daga hagu zuwa dama. Inda sauti ya fi muni, a tsaya, a mayar da ƙarin ya zama ragi kaɗan. An kama ɓarawon. In kuma fitowa ake nema, a tsaya inda jitar ta yi tsalle ta fito gaban fiyano, a bar ƙarin desibel 3 ko 4.

Gargaɗi guda: wannan saitin ba ya da daɗi idan makaɗi yana shi kaɗai. Zai ji shi busasshe, mai hanci, har ya ji kunya. Ya daure har sauran su shigo. Jaco Pastorius na ƙungiyar Weather Report ya gina sunansa a kan irin wannan murya, yana kaɗawa dab da jakin jita ta cikin amfilifayar Acoustic 360, kuma babu wanda ya taɓa cewa ba a jin sa.

Mataki na 6: Treble

Gajeren zance. Daga 2,000 zuwa sama ƙarar yatsa da ƙarfen tsirkiya ne. Sababbin tsirkiyoyi suna da shi da yawa, tsofaffi sun rasa shi, kuma maballi ba ya dawo da abin da tsatsa da gumi suka cinye. Shuuu kawai zai ƙara. Akwatunan da ke da ƙaramar lasifika mai tsini suna da nasu maballi a baya, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba.

Mataki na 7: Ƙananan makunnai masu ruɗi

Contour, Shape, Ultra Lo, Enhance: suna ya bambanta, aiki kusan ɗaya ne, a ɗaga ƙasa da sama a ƙwaƙule tsakiya. A shago, inda mai saye yake gwadawa shi kaɗai, suna sa ƙaramar amfilifaya ta yi kamar babba, kuma mai wannan rubutu yana zargin don haka aka sa su gaba-gaba. Suna da wurinsu. Salon marin tsirkiya da babban yatsa, wanda Larry Graham na Sly and the Family Stone ya fito da shi, Marcus Miller kuma ya ƙawata, yana son wannan ƙwaƙular, domin shi marin da kansa yana kawo tsinin da ke ratsa kiɗa. Mai kaɗawa da yatsu biyu kuwa ya bar su a kashe.

Kwamfuresa, mai danne sautin da ya yi tsalle, a ɗan taɓa ta kawai. In ta yi yawa, kiɗan ya zama shimfiɗaɗɗe, babu bambanci tsakanin lallashi da duka.

Mataki na 8: Hannu da jita

Rabin abin da ake nema a amfilifaya yana hannun dama. A kaɗa kusa da wuyan jita, sauti ya yi taushi da kauri. A matsa kusa da jaki, ya yi tauri da tsini. Tazarar ba ta wuce taƙi ɗaya ba, amma canjin ya fi na kowane maballi. James Jamerson, wanda ya kaɗa bas a ɗimbin waƙoƙin Motown a Detroit, jitarsa Fender Precision ce ta 1962 mai tsirkiyoyi masu santsi da ba ya yawan canzawa, da soso a ƙarƙashin murfin jaki, kuma da yatsa ɗaya yake kaɗawa. Aston Barrett na ƙungiyar Wailers ta Bob Marley, wanda ake ɗauka a matsayin uban kauri a kiɗan rege, yana kaɗa Fender Jazz ne da hannu mai laushi. Masu kwaikwayonsa sukan ƙure Bass su rasa abin da suke nema. Hanya mafi kusa ita ce a rage Treble, a rufe maballin sautin da ke jikin jita, a matsa hannu wajen wuya, a bar ƙasan tsakiya a inda yake, don a ci gaba da jin waƙar da bas ɗin ke rerawa.

Mai jita mai batir ya tuna cewa maballan jikinta suna haɗuwa da na amfilifaya. Ƙari a nan da ƙari a can, jar fitila ce sakamako.

Mataki na 9: Zauren ma kayan kiɗa ne

Igiyar sautin 41 tsawonta ya kai mita 8. A cikin ɗaki irin wannan doguwar igiya tana bugun bango ta dawo ta haɗu da 'yar'uwarta, sai wani wuri ya cika da kauri, taku uku gaba kuma ya zama wayam. Akwatin da aka jingina da bango yana ƙara kauri, wanda aka cusa a kusurwa ya fi. Dandamalin katako mai rami a ƙasa kuwa ganga ne babba. Kafin a zargi amfilifaya, a ja akwatin daga kusurwa, a ɗora shi kan kujera ko benci mai ƙarfi. A filin Allah abin juyewa yake: babu bango, kauri yana watsewa, a nan ne ɗan ƙari ke halatta. In kiɗa ya sauya, rawa ma sauyawa take, saitin jiya ba na yau ba ne.

Akwai kuma matsalar gwiwa. Makaɗin da ya tsaya dab da akwatin da ke ƙasa, tsakiya da sama suna wucewa ta gwiwoyinsa zuwa fuskar 'yan layin gaba, shi kuwa kauri kaɗai ke isa kunnensa. Sai ya ƙara Treble, mutane su toshe kunne. A karkata akwatin ya kalli kansa, ko ya yi amfani da doguwar waya ya taka zuwa tsakiyar zaure. In ba hali, ga amfanin mutumin nan mai kunne.

Idan ana tura bas zuwa miksa ta ramin da ke bayan amfilifaya, akwai makunnin Pre da Post. Pre yana aika muryar jita kafin maballai su taɓa ta, mai miksa ya gyara wa jama'a, makaɗi ya gyara wa kansa. Post yana aika duk abin da aka murɗa, har da kuskure. Sai dai in akwai dalili, Pre ya fi zaman lafiya.

Mataki na 10: Gwaji tare da kowa

A sa mai ganga ya fara, bas ya shiga, sannan fiyano da jita, sannan murya, a kan waƙar da ta fi kowace zafi. Maballi ɗaya ake taɓawa a lokaci guda, a murɗa shi tazarar awa ɗaya a fuskar agogo, a saurara, sannan a sake. Idan bas ya ɓace, a ɗaga saman tsakiya kafin a taɓa Master. Idan zaure yana ƙugi, a rage Bass ko yankin 200 zuwa 300. Idan har yanzu babu sarari, a duba hannun hagun mai fiyano, domin sau da yawa shi ne ke zaune a gonar bas, kuma maganin wannan magana ce ta fahimta tsakanin abokan aiki.

Jama'a in sun cika wuri, jikinsu da tufafinsu suna shanye sama da tsakiya fiye da ƙasa, don haka a shirya ɗan gyara bayan waƙa ta biyu. Wanda ke tsayawa gaban lasifika dare da rana ya nemi abin toshe kunne na makaɗa. Jin da ƙara ta cinye ba ya dawowa.

Da saiti ya zauna, a ɗauki hoton maballan da waya, a rubuta sunan wurin a ƙasa. In an tashi, a rufe Master, a kashe amfilifaya, sannan a zare wayar jita, kuma a yi duk wannan kafin mai janareta ya kai hannu kan makunninsa.